Kwas ɗin nazarin Rasha a jami'a, me ake karantawa a ciki?

Ɗan Zazzau:
Salam jama'a. Ƙanena ya nemi hulɗar ƙasa da ƙasa sai aka tura shi sashen Rashanci, yanzu Baba na cewa ya haƙura ya sake jarabawa baɗi, shi kuma ya kafe yana so. Dan Allah wanda ya san kwas ɗin nan, yare kawai ake koya ko da wani abu? In ya gama ina zai kai takardar?

Tsohon ɗalibi:
Wa'alaikumus salam. Ba yare kaɗai ba ne, amma sai ya iya yaren sauran za su shiga kansa. Haruffansu 33 ne kuma ba su da wuya, wahalar tana nahawu, suna ɗaya sai ya dinga canza ƙarshe har gida shida gwargwadon aikinsa a jumla, a nan yara da yawa suke karaya wallahi. Daga nan sai tarihi, mulkin sarakunansu, yadda aka 'yanta manoman da ke ɗaure da gonakin masu ƙasa a 1861, juyin juya halin 1917, rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, ga adabi ga siyasa ga addini. Jami'o'in Ibadan da Legas sun daɗe suna koyar da kwas ɗin.

Yar Katsina:
Ni abin da ke min ciwo, su fa sun daɗe suna nazarinmu. Ana koyar da Hausa a jami'a a Mosko da St. Petersburg, tun 1963 suka buga ƙamus na Hausa da Rashanci, gidan rediyon Mosko ma ya yi sashen Hausa, mu kuma mutum nawa gare mu da zai karanta jaridarsu ba sai Turawa sun fassara masa ba? Ga musulmi miliyoyi a yankunan Rasha irin su Tatarstan da Dagestan da Checheniya amma ba mu san komai a kansu ba. Yaya ku bar shi ya yi.

Abu Khalifa:
Maganar aiki kada a ɓoye masa, guraben kaɗan ne, tafinta, ma'aikatar harkokin waje, jarida, koyarwa. Lokacin da Sobiyet ke gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta an nemi masu yaren sosai, yanzu ba kamar da ba. Ya haɗa da wani fanni a digiri na biyu, kuma ya nemi zuwa can ko na shekara ɗaya ne.

Ɗan Zazzau:
Na gode, Allah ya saka. Zan karanta wa Baba yau da daddare. Tallafin karatun gwamnatin Rasha fa, wata nawa ake buɗe cikewa?