Taƙaitawar muhawara kan baƙin haure a Agadez

Ga abin da aka tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan baƙin haure masu ratsa Agadez zuwa Libiya da Aljeriya.

1. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yarda cewa dokar Nijar ta 2015 da ta haramta safarar baƙi, wadda Tarayyar Turai ta mara wa baya, ta durƙusar da direbobi da masu gidajen haya da masu sayar da jarkokin ruwa, sannan ta tilasta wa motoci bin ɓoyayyun hanyoyin hamadar Tenere, inda ƙishirwa ta kashe mutane da dama.

2. A kan soke dokar a Nuwamban 2023 ne aka rabu biyu. Wasu sun ce kuɗi ya dawo gari. Wasu kuwa, kuma hujjarsu ba ta da sauƙin turewa, sun ce ribar tana hannun 'yan kaɗan, alhali ɗawainiyar waɗanda Aljeriya ke korowa ta Assamaka, garin kan iyakar Nijar da Aljeriya, tana wuyan talakawa.

3. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce hukumomi su riƙa rajistar baƙi, su kuma ƙara rijiyoyi da ɗakunan shan magani a kan hanya.