Neman shawara kan fentin daɓen gareji a Agadas

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a Agege, amma gidan da nake ginawa yana Agadas, kuma daɓen garejinsa ya hana ni sakat. Masu fentin da na tuntuɓa a nan Legas duk ifoksi (wani fenti mai ƙarfi da ake shafa wa daɓe) suke cewa in shafa, sai dai su danshi suka saba yaƙa, alhali can zafin watan Mayu yakan wuce digiri 40, ga rairayin da iska ke kwasowa yana kankare duk abin da aka shafa.

A garejin wani ɗan'uwana da ke can, ifoksin ya koma rawaya a bakin ƙofa inda rana ke bugawa, ya kuma ɓare daidai inda tayoyi masu zafi ke tsayawa. Shin laifin fentin ne, ko kuwa rashin goge kankaren da inji kafin shafawa?

Na ji cewa foliyasfatik, wani nau'in fentin daɓe, ya fi ifoksi jure rana, amma yana saurin daskarewa, abin da nake tsoro ke nan idan lebura bai ƙware ba. Kankarena ya riga ya wuce kwana 28 da ake jira ya bushe kafin a shafa fenti. Don Allah, wanda ya taɓa yin wannan aiki a Agadas ko Sakkwato ya faɗa mini wanne ya daɗe bai ɓare ba, ko in haƙura in sa tayil.