Lambun takawa: sunan da na tsayar wa kaiyu-shiki teien

Jama'a, ga wata kalma da na kwana biyu ina juyawa, ina nema mata suna a Hausa. Japanawa suna da wani irin lambu da suke kira kaiyu-shiki teien. Tafki ne a tsakiya, siririyar hanya ta zagaye shi, kai kuma ka bi ta a ƙafa har ka dawo inda ka faro. Ya bunƙasa a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da manyan hakiman ƙasar, waɗanda ake ce wa daimyo, suke gina shi don karɓar manyan baƙi. Misali, lambun Rikugien da ke Tokyo an gama shi a 1702, da wurare 88 a ciki, kowanne yana tuno da wani wuri ko baiti na tsofaffin waƙoƙinsu. Lambun Kenrokuen na birnin Kanazawa kuwa na gidan Maeda ne, ɗaya daga gidajen daimyo, sai a 1874 aka buɗe wa kowa da kowa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba a yarda ka ga lambun duka a kallo ɗaya ba. Hanya za ta kauce bayan wani tudu, tafkin ya ɓace maka. Duwatsun da aka jera don taka ƙafa ba a daidaita tazararsu ba, dole ka sunkuyar da kai ka ga inda za ka dafa sawu. Kana ɗagowa sai ga gada da ɗan tsibiri a gabanka. Wannan dabara suna ce mata miegakure, wato a ɓoye a bayyana. Don haka duk sunan da za mu ba shi, lallai a ji ƙafa a ciki.

“Lambun shaƙatawa” ya yi faɗi, kowane wurin zama a inuwa ya shiga. “Lambun yawo” ban so shi ba, mai yawo ba shi da hanyar da aka shata masa. “Lambun kewaye” shi ya fi kusa da ma'anar kaiyu, amma kunnen Bahaushe makewayi zai fara jiyowa. Tattaki kuma akwai nisa da gajiya a cikinsa.

Ni dai na tsaya a kan “lambun takawa”. Takawa tafiya ce ta natsuwa, sawu bayan sawu, irin wadda dogarai ke raka sarki da ita suna cewa “takawa sannu”. Lambunan nan ma ai na masu sarauta ne tun asali.

Saura kalma ɗaya da ban gama da ita ba: shakkei, wato dabarar sa abin da ke wajen lambu ya zama kamar a cikinsa yake. A lambun Ritsurin da ke birnin Takamatsu, dutsen Shiun yana bayan lambun, amma an tsara itatuwa yadda ido zai ɗauka cikinsa yake. Na rubuta “aron kallo”. Masu Hausar Sakkwato da Damagaram, ya zauna muku a baki?