Yayana ya ajiye kaki, wace sana'a ce za ta riƙe shi a ƙauye?

Ƙanin Soja:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku game da yayana, wanda ya bar aikin soja bara, bayan ya ƙare shekarunsa na ƙarshe a Borno, inda ya samu rauni a gwiwa. Ya dawo ƙauyenmu a ƙasar Gumel da matarsa da 'ya'ya shida. Garatutinsa ya fito, amma tun ranar da labari ya bazu ƙofar gidansa ba ta rabo da masu neman rance, shi kuwa mutum ne mai kunya, ba ya iya cewa babu. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, kullum bayan asuba sai ya goge takalminsa kamar mai shirin fareti, sannan ya zauna a gindin darbejiya har azahar. Aikin da aka yi masa tayi shi ne gadi a wani gidan mai, alhali ƙafarsa ba za ta ɗauki tsayuwar dare ba. Ina mafita?

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ni ma na sa kaki, ina cikin waɗanda aka tura Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, saboda haka na san wannan zaman gindin bishiyar, kuma na san ciwon da yake sa wa zuciya. Mutumin da ya saba a busa masa usur ya tashi, idan ya wayi gari babu mai jiransa, ji yake kamar an yar da shi. Kuskure ne babba da mutanenmu suke ɗauka cewa tsohon soja gadi kawai ya iya, domin a bariki akwai direba, akwai makanike, akwai mai kula da sito, akwai mai jinya. Ka tambaye shi aikin da ya riƙe a can, kuma ka tambaye shi ko ya je cibiyar Oshodi da ke Legas, inda ake koya wa masu shirin ritaya walda, kafinta, ɗinki da kiwon kaji. Sannan ya yi rajista da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta jiharsa. Kada ya bari sai bikin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ne za a ga fuskarsa.

Uwar Marayu:
Ƙanina, kada ku manta da matarsa a cikin lissafin. Da maigidana ya rasu a bakin aiki, injin markaɗe da ya saya mini tun muna bariki shi ne ya ciyar da yarana kafin haƙƙinsa ya fito. A ware mata jari tun yau, ko na ƙuli-ƙuli ne, a kuma ajiye kuɗin makarantar yara a asusun da ba a taɓawa.

Manomin Riɗi:
Malam, tunda kuna kusa da Maigatari, ya gwada turkar raguna kaɗan daga kasuwar Alhamis, ya sayar gab da layya. Sai dai kada ya zuba kuɗinsa duka a karon farko, kuma ya tafi da wanda ya san dabba.

Ƙanin Soja:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba Saje, na tambaye shi jiya bayan isha'i, ashe gyaran janareto da injin mota ya yi shekaru yana yi, ban taɓa sani ba. A fadamarmu kuwa masu noman rani sai sun ɗora injin ban ruwa a babur sun kai gari idan ya lalace. Ya ce in nemo masa rumfa a bakin kasuwa, babban ɗansa zai riƙa kama masa aiki bayan an tashi daga makaranta.