Gyaran tsohon gida a unguwar Birni

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Gidan ƙasa ne a Damagaram, ginin zamanin Sarki Tanimu, ƙarni na 19. Bango yana zaizayewa daga gindi. A shafe shi da siminti?

Magini: Kul, Malam! Siminti yana riƙe danshi a ciki, tubali ya ruɓe, shafen ya ɓamɓaro. A kankare ruɓaɓɓen wurin, a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ta kwana uku. Yaɓe biyu, na farko ya bushe tukuna, sannan makuba, wato shafen ɓawon ɗorawa mai kare bango daga ruwa.

Dattijo: Ku duba indararo fa. In gajere ne, a gindin bango ruwan rufi yake sauka.

Magini: Gaskiya ne, Baba. A duba azara ma, itacen giginyar da ke riƙe rufi, kafin damina, bakinta na cikin bango ke fara ruɓewa.