Neman shawara: liyafar aure a fili a Jos cikin watan Disamba

Yayan Amarya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shirya biki a fili a nan Jos, ko waɗanda wannan aiki ne sana'arsu. An sa ranar auren ƙanwata a tsakiyar watan Disamba, kuma da yake mahaifinmu ya manyanta, ɗawainiyar shirye-shiryen ta dawo wuyana. Za a ɗaura auren ranar Asabar da safe a masallacin unguwarmu, amma amarya da ƙawayenta sun kafe a kan cewa a fili suke so a yi liyafar, a ɗaya daga cikin lambunan da ake bayarwa haya a wajen Rayfield, daga ƙarfe bakwai zuwa goma na dare, domin sun ga hotunan wani biki da aka yi haka a Abuja, an rataya fitilu a jikin bishiyoyi, abin ya ba su sha'awa. Muna sa ran mutum ɗari huɗu, kuma kusan rabinsu dangin ango ne da za su zo daga Abuja.

Ni abin da ya ja ra'ayina shi ne ina ganin fili zai fi zauren taro sauƙin kuɗi, sannan a Disamba babu fargabar ruwan sama. Mahaifiyarmu kuwa ba ta gamsu ba, ta ce ba za ta zaunar da surukai a waje da daddare ba. Shin wannan tsari zai yiwu? Me ya kamata in tanada kafin in ba da kafin alƙalami?

Mai Hayar Rumfa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Sana'ata ce ba da hayar rumfuna da kujeru, kuma duk da cewa biki a fili riba ce a gare ni, gaskiyar da zan faɗa maka ita ce Hajiya ta fi ku hangen nesa. Wurin da kuka zaɓa ba shi da laifi, lokacin ne bai dace ba.

Garin Jos yana bisa tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauka zuwa digiri 11 a ma'aunin Selshiyos, wani lokaci ma ƙasa da haka. A tsakiyar Disamba rana tana faɗuwa da ƙarfe shida da 'yan mintuna, kuma da zarar ta faɗi sanyin yake saukowa gaba ɗaya, musamman a Rayfield inda fili yake a buɗe, ga ruwa a kusa. Abin da na saba gani a liyafar dare a irin wannan lokaci shi ne, kafin ƙarfe takwas da rabi dattawa sun koma cikin motocinsu sun ɗage gilashi, mata masu goyo sun tafi, sai a wayi gari amarya ta shigo ta tarar da rabin kujerun babu kowa. Saboda haka shawarata ita ce ku mayar da liyafar ta rana, a fara bayan La'asar, a tashi kafin kiran Magariba. Hasken yamma na hunturu ma ya fi kowace fitila kyau a hoto, ka tambayi duk mai ɗaukar hoton da ka sani.

Maganar cewa fili ya fi araha kuwa, ina so ka sake lissafi. Wanda ya kama zaure ya samu rufi da kujeru da wuta da banɗaki a kuɗi ɗaya. Wanda ya kama fili kuwa ciyawa kawai aka ba shi, sauran duk sai ya ɗauko: rumfuna, kujeru, tebura, dandamalin ango da amarya, janareto da man da zai sha, wayoyin wuta, motar da za ta kai kayan ta dawo da su, da kuɗin yaran da za su kafa su kwance. Ka tambayi mai lambun a rubuce me da me kuɗinsa ya ƙunsa, domin wasu ba sa yarda a shigo da rumfa ko abinci daga waje sai nasu. Ka tuna kuma Disamba watan bukukuwa ne ga Musulmi da Kirista baki ɗaya a garin nan, kowace Asabar kayanmu a waje suke kwana, don haka wanda bai kama da wuri ba ragowar kujeru masu karyayyun ƙafafu zai samu.

Akwai kuma iska. Ruwan sama kam ba ya zuwa a Disamba, daminar Jos daga Afrilu zuwa Oktoba take, amma iskar hunturu tana ɗaga rumfar da ba a ɗaure da kyau ba. Wurare da yawa a Jos dutse ne a ƙarƙashin 'yar ƙasar da kake gani, turke ba ya shiga, sai an ɗaure kowace ƙafar rumfa da buhun yashi ko bulo. Ka sa wannan cikin sharaɗi, kuma a rufe gefen da iskar take fitowa, wato arewa maso gabas, da labulen tamfol. Janareto kuma a ajiye shi can nesa, ta inda iska za ta tafi da hayaƙinsa da ƙararsa ba kan jama'a ba. Kafin ka biya ko sisi, ka je filin da kanka a daidai lokacin da za a yi taron, ka tsaya har bayan Magariba, ka tafi da amaryar ba tare da rigar sanyi ba. Zuwa da kai ya fi aike.

Maman Ihsan ta amsa:

Allah ya sa a yi a sa'a, ɗana. Na yarda da kusan duk abin da Malam mai rumfa ya faɗa, sai dai ban goyi bayan a fara bayan La'asar ba. Tsakanin La'asar da Magariba a Disamba awa biyu ne da ɗan abin da ba a rasa ba, kuma duk wanda ya san bikinmu ya san amarya ba ta fitowa daga hannun mai kwalliya a kan lokaci. In aka rubuta ƙarfe huɗu a kati, sai biyar ta wuce za ta iso, kafin a yi addu'a a gabatar da iyaye duhu ya shiga. Ku rubuta ƙarfe ɗaya da rabi, a fara da ƙarfe biyu, a tsaya a yi La'asar a wurin, a ƙarasa a watse da biyar da rabi. Mai kwalliya kuma a kawo ta gida tun da hantsi, kada a bari amarya ta je shago ta bi layi.

Ni girkin biki nake yi, don haka bari in tsaya a kan abinci. A sanyin Jos shinkafa dafa-duka da aka zuba a faranti ba ta daɗewa take hucewa, man da ke jikin nama ya daskare ya yi fari, baƙo ya ɗan taɓa ya ture. Ga kuma ƙura, wadda ba a ganin saukarta sai an shafa tebur. Don haka ban ba ku shawarar a jera abinci a buɗe kowa ya ɗiba da kansa ba, ko da yake shi ake yayi. A bar komai a cikin manyan kuloli a wata rumfa ta daban mai labule, a riƙa zubawa ana miƙawa tebur bayan tebur, ko a zuba a robobi masu murfi ana gab da rabawa. Abin da na ga ya fi karɓuwa a wannan yanayi shi ne abu mai zafi: masa da ake toyawa a wurin ana kwashewa daga tanda, farfesu, da kunun gyaɗa. In da hali ku ɗauko mai shayi guda da tukunyarsa da murhunsa ku ba shi kusurwa, za ku ga layin da zai tara ya fi na lemon kwalba. Baƙin Abuja kuma ku ba su abin da ba su saba samu ba, kamar gwaten acca ko soyayyen dankalin turawa na nan gida, tunda kayan lambu a kasuwar Farin Gada ba sa yankewa.

Abin da maza suka fi mantawa da shi kuwa shi ne makewayi. Lambu da yawa banɗaki ɗaya ko biyu gare su, mutum ɗari huɗu kuma ba wasa ba ne. Ka shiga ka duba da idonka, ka buɗe famfo ka ga ko da ruwa, a ware na mata daban, a sa mace guda mai kula da shi da sabulu da butoci. A kuma keɓe wa iyaye mata rumfa mai labule inda za su sake, su yi salla, masu shayarwa su shayar. Ka gaya wa ƙawayen amarya cewa takalmi mai tsini nitsewa yake a ciyawa, a shimfiɗa kafet daga ƙofa zuwa dandamali. Ita kuwa amarya a tanadar mata alkyabba, ga ado ga maganin sanyi.

Dattijon Gangare ya amsa:

Yaro, Allah ya yi muku albarka. Taro a fili ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin tun tasowarmu a ƙofar gida ake ɗaura aure, a shimfiɗa tabarmi, waliyyi da wakilin ango su zauna gaban shaidu, a ambaci sadaki, a raba goro a shafa fatiha. Bambancin kawai shi ne a ƙofar gida kowa ya san kowa. A lambu kuwa, in babu katanga da ƙofa guda, 'yan gayyar soɗi da maroƙa da masu ɗauke wayoyin mutane za su ninka baƙinka, abincin mutum ɗari huɗu ya ƙare dangin ango ba su samu ba, kuma wannan abin kunya ne da ake daɗewa ana tunawa. Ka sa mutum biyu a ƙofa, ɗaya daga danginku ɗaya daga dangin ango, waɗanda suka san fuskoki, domin kati kaɗai ba ya tsare ƙofa, kuma bai kamata a tare wata gwaggo a waje don ta manta katinta ba. Ka sanar da ofishin 'yan sanda na yankin tun da wuri.

Ka lura da ruwan da ke wajen Rayfield. Yawancinsa tsofaffin ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika, gefensu a tsaye yake kuma suna da zurfi ƙwarai. In lambun yana bakin irin wannan ruwa, to a sa babban mutum ya tsaya a wurin tun daga farko har ƙarshe saboda yara.

A tanadi tabarmi da ruwan alwala, a kuma gaya wa mai gabatarwa da mai kiɗa tun kafin ranar cewa ana kiran salla za a kashe sauti. Ka ja kunnen abokan ango a kan liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka. A ajiye kwando ko ambulan, mai son yin alheri ya saka.

Baƙuwar Gwarinpa ta amsa:

Ni a Abuja nake zaune, amma a Jos na yi karatu, don haka ina so in ɗan kare amarya. Hotunan da ta gani ba ƙarya ba ne. Abuja ba ta kai rabin tsayin Jos ba, daren Disamba a nan iska ce mai daɗi, shi ya sa muke yin liyafa a lambu da daddare, da rana kuwa zafi ba zai bari ba. Abin da ya dace da garinmu ne bai dace da naku ba, amma burinta na hoto a ƙarƙashin fitilu ba sai an kashe shi ba. Bayan jama'a sun watse, ango da amarya da abokansu na kusa za su iya tsayawa su yi Magariba a wurin, a kunna fitilun, a yi hotuna na rabin awa, sannan a wuce kai amarya. Fitilun 'yan bishiyoyi biyu ko uku ƙaramin janareto ma ya ishe su.

Ina kuma roƙonka, Yaya, ka yi la'akari da hanya. Baƙinku ta Keffi da Akwanga za su biyo su hau Hawan Kibo, kuma ba hanya ba ce da ake so a bi da daddare, ga manyan motoci ga hazo. Ko da kun tashi da biyar da rabi, kada ku bar kowa ya kama hanyar Abuja a ranar. A nema musu masauki su iso ranar Juma'a, su koma Lahadi da safe, kuma a rubuta musu a saƙon gayyata cewa su zo da rigunan sanyi, musamman na yara, domin mutumin Abuja ba ya yarda da labarin sanyin Jos sai ya kwana a cikinsa.

Yayan Amarya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Hajiya amsoshinku, kuma jiya da yamma muka je lambun tare da amarya kamar yadda Malam mai rumfa ya ce. Ba a idar da sallar Magariba ba ta nemi makullin mota, alhali yanzu ma sanyin bai kankama ba. Mun tsayar da ƙarfe biyu zuwa biyar da rabi, da hotunan fitilu daga baya. Lambun yana da katanga da ƙofa ɗaya, amma banɗaki biyu ne kacal, kuma mai wurin ya ce ruwan rijiyar burtsatsensa sai da wuta yake hawa tanki. Maman Ihsan, don Allah ki ƙara mini haske a kan abu guda: ga mutum ɗari huɗu, masu tuyar masa nawa ya kamata a ɗauko don kada layi ya yi tsawo, kuma ƙullun a gida za a haɗa a kawo, ko su ne za su zo da abinsu?