Ina son cire yarona daga lekol in koyar da shi a gida, wane tsari zan bi?

Maman Abba, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 8 yana CE1 wato aji uku na firamare a nan Kamaru, ya yi SIL ya yi CP (aji ɗaya da aji biyu) amma wlh har yau in ka buɗe masa littafi hoto yake kallo ya faɗi abin da ya haddace, ka rufe hoton shikenan ya tsaya. Ajinsu sun haura ɗari, metir wato malami ɗaya, ni ban ma ga laifinsa ba don mutum ɗaya ba zai iya da wannan taro ba. Ƙanwarsa kuma a Satumba za ta shiga SIL. Ni na yi karatu har na samu probatuwar (jarrabawar ajin kusa da na ƙarshe a sakandare) kafin aure, ɗinki nake a gida, babansu direba ne yau yana Ngaundere gobe yana Marwa, ya ce in zan iya bismillah. Na duba intanet duk tsare-tsaren da na gani na Amurka ne da Turancin Ingilishi ga tsada. Akwai wanda ya taɓa yi a nan? Wane littafi zan bi, kuma yaya maganar CEP, jarrabawar gama firamare?

Tsohon metir, Marwa:
Wa alaikumus salam 'yata. Na daɗe ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, irin yaronki na gansu da yawa, ba daƙiƙi ba ne, harsashi ne ba a kafa masa ba.

Ki manta da tsarin Amurka. Yaron nan a Kamaru zai zauna jarrabawa, CEP da konkur na shiga siziyem wato jarrabawar shiga ajin farko na sakandare, gaba BEPC ta gama ƙaramar sakandare, to abin da MINEDUB, ma'aikatar ilimin firamare, ta tsara shi za ki bi. Ma'aikatar tana da jerin littattafan da ta amince da su na kowane aji, ki je wajen masu sai da littattafai ki nemi na CP, ba na CE1 ba. E, na CP na ce. Ki koma da shi baya, baƙi da wasali, ba be bi bo bu, a allo da alli kullum har ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba, sannan dikte wato shifta gajere layi biyu. Kada ki ji kunyar komawa baya, wata uku zuwa huɗu in an dage za ki ga canji da yardar Allah.

Abu biyu kuma kafin ki cire shi. Tsarin mulkin 1996 ya ce karatun firamare dole ne, don haka kada ki ɗauke yaro shiru, ki je ofishin ansifekta, mai duba makarantu na arondismanku wato gundumarku, ki yi bayani, a nan za ki tambayi yadda ake rajistar kandida libir wato wanda zai zauna jarrabawa ba ta hannun makaranta ba. Na biyu takardar haihuwa. Wannan ita ta fi ci mini rai a aikina, yaro ya kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, da ƙoƙarinsa a zo haɗa dosiye a ce babu akt, sai an bi ta kotu an yi jujman sifletif wato hukuncin da zai sa a ba shi takardar, kafin a gama lokaci ya wuce. Ki duba ta yaran biyu yau ɗin nan.

Ra'ayina dai shekara ɗaya ki yi, in ya kama karatu ki mayar da shi.

Maman 'yan biyu, Kusiri:
Yar uwa ni na yi, ba don ina so ba, ambaliyar 2024 ce ta sa, ruwa ya ci unguwarmu muka koma gidan yayana lekol ta yi mana nisa. Da farko ni kaɗai na fara kuma gaskiya sati biyu na kusa haƙura, ga girki ga wanki ga baƙi suna sallama, yaro kuma ba ya ɗaukar uwa a matsayin malama, kina cewa rubuta yana cewa Mama ƙishirwa. Abin da ya cece ni haɗuwa muka yi mu gida uku yara biyar, muka samo wata yarinya da ta gama ENIEG, makarantar horon malaman firamare, ba ta samu aiki ba, tana zuwa sau uku a sati muna haɗa mata kuɗi ƙarshen wata, sauran ranakun mu iyaye muke karɓa-karɓa. Irinsu suna nan da yawa a Garwa ma in kin tambaya.

Lokaci kuma, bayan sun dawo daga makarantar allo sun karya, bakwai da rabi zuwa goma mun tashi, kin san zafin Maris da Afrilu bayan goma babu kan da ke ɗaukar komai. Awa biyu da rabi da yara biyar ya fi yini guda a cikin ɗari. Ki ware wuri ɗaya ko tabarma ce a zaure, ki ajiye keken ɗinki a lokacin, kwastoma su san sai bayan goma. Kalkil wato lissafi kuwa tef ɗin awonki ma ya isa, ya auna yadi ya lissafa canji. Kuskuren da na yi shi ne ba su waya wai su kalli darasi, ina juya baya sun koma katun.

Baban Hanifa, Njamena:
Tunda kin tambayi tsari na gaske mai makaranta a bayansa, akwai CNED ta Faransa, tun 1939 suke koyarwa daga nesa, suna turo darasi yaro ya yi aiki a gyara masa. Amma manhajar Faransa ce, tarihi da labarin ƙasa nasu ne, ba CEP take shirya yaro ba, kuma da yuro ake biya, yuro ɗaya kusan sefa 656, ga intanet ga wuta. Ta fi dacewa da wanda aiki ke yawo da shi ƙasa-ƙasa. Ke dai maganar Malam tsohon metir ta fi miki. In kina son ƙari na kyauta Khan Academy na da lissafi da Faransanci, ki kalla ke da kanki da dare sannan ki koya masa a allo.

Alhaji na Baladji, Ngaundere:
Ni fa ban goyi baya ba Hajiya, ki yi haƙuri. A gida Hausa kuke yi, a waje Fulatanci, to Faransancin a ina zai ji shi? Kuma lekol ba karatu kaɗai ba ne, a nan yaro ke koyon zama da Kirista da Musulmi da kowace ƙabila. Ki bar shi a ajinsa ki yi masa repetisiyon wato ƙarin darasi da yamma, haka na yi wa nawa.

Maman Abba, Garwa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Alhaji maganarka ta zama da mutane gaskiya ce ta tsaya mini a rai, amma repetisiyon ɗin mun gwada tun bara, yana dawowa a gajiye ga islamiyya da la'asar, sai barci a kan kaye, littafin rubutunsa. Faransanci kuma zan riƙa yi da su a lokacin darasi in sha Allah. Baba Malam na duba jakar takardu yanzu, ta Abba tana nan amma ƙanwar ba ta da akt, a gida aka haife ta ba mu bi ba, Litinin babansu zai fara zuwa meri, ofishin magajin gari, ya ji ta inda ake farawa, ni kuma in je wajen ansifekta. Maman 'yan biyu dan Allah ita malamar taku ita ke kawo jadawalin sati ko ku kuke tsara mata?